SUNA LINZAMI: KAN 'YAN BADUJALAR STANFORD DA MASU CEWA "AI WASA NE"

Jama'a, akwai wata magana da na gaji da ji duk lokacin da mai barkwanci ya ci mutuncin mutane: "Ai ka san halinsa, haka yake." Wai tunda mutum ya yi suna da shegantaka, shi ke nan ya samu lasisi. Ni ban yarda ba, kuma misalin da zan kawo daga Amurka yake.

A jami'o'in Amurka makarantu da yawa suna da 'yan badujala masu fitowa fili lokacin hutun rabin lokaci a wasan ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. Yawanci fareti suke yi kamar sojoji, sahu a miƙe, ƙafa ɗaya. Ban da na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya. Su a guje suke shiga fili a warwatse, kowa da shigar da ya ga dama, mai sanarwa yana zuba ba'a a lasifika.

Ku duba sunan tukuna. Cikakken sunan makarantar Leland Stanford Junior University, sunan yaro ne da taifot ta kashe a 1884 yana ɗan shekara 15, iyayensa suka kafa jami'a don tunawa da shi. Ƙungiyar badujalar ta ɗauki wannan dogon suna gaba ɗayansa, har da kalmar da ke nufin masu maci, alhali ba macin suke yi ba. Suka kuma yi wa kansu kirari da cewa su ne ƙungiyar kiɗan rok mafi girma a duniya. Tun daga suna ka san da zolaya aka zo.

Asalin abin ba shashanci ba ne. An kafa ƙungiyar a 1893, ta yi shekara 70 tana fareti kamar kowa. A 1963 jami'a ta sallami malaminsu, ɗaliban suka shiga yajin aiki. Wanda aka kawo, Arthur Barnes, ya sasanta da su a kan su riƙa tafiyar da harkarsu da kansu. Wato da tsayawa wa malami aka fara, kuma wannan abin a yaba ne. Haka a 1975, da aka ce ɗaliban jami'ar su zaɓi sabon laƙabi ga 'yan wasansu, wanda ya zo na ɗaya laƙabi ne da ke nufin attajirai 'yan wawura, gugar zana ga shi kansa Leland Stanford uban, hamshaƙin kamfanin jirgin ƙasa kuma tsohon gwamnan jihar. Hukumar makaranta ta ƙi amincewa. Irin wannan ba'ar, wadda ƙarami ke yi wa babba, wallahi ina tare da ita.

To amma suna linzami ne. Da zarar an san ka da abu, dole bana ka wuce abin da ka yi bara, in ba haka ba a ce ka yi sanyi. Ku bi jerin. A 1986 an dakatar da su bayan wasu sun yi fitsari a filin wasa. A 1991, a wasansu da Notre Dame, jami'ar 'yan Katolika, jagoransu ya yi shigar sista 'yar coci yana ba da umarnin kiɗa da gicciye, Notre Dame ta haramta musu shiga harabarta. A 1997 suka mayar da yunwar ƙasar Ireland abin dariya, yunwar da ta fara a 1845 ta ci kusan mutum miliyan ɗaya. A Janairun 2016, a wasan Rose Bowl, suka fito da mutum-mutumin saniya suna yi wa manoman jihar Iowa ba'a, 'yan kallo suka yi musu ihu. Don Allah wane mai mulki ne aka taɓa a nan? Matattu, da mabiya addini, da manoma. 'Ya'yan ɗaya daga cikin jami'o'i mafi arziki a duniya ne ke dariyar mai noman masara.

Abin haushin ma, a 1972 jami'ar ta daina amfani da hoton Ba'indiyen Amurka a matsayin tambarin 'yan wasanta, bayan ɗalibai 'yan asalin ƙasar sun ce cin fuska ne. Wannan giɓin ne ya sa 'yan badujalar suka ƙirƙiro Bishiya, ɗalibi ya shige cikin kayan bishiya yana tiƙar rawa. Tambarinsu da kansa shaida ne cewa ba a mayar da al'umma abin wasa, amma darasin bai shige su ba.

Wani zai ce ai har a Oregon an kore su a 1990 don sun yi wasa da rikicin masu sare itace da masu kare wata mujiya, ba su koma ba sai 2001, ashe mutane ne ba sa son gaskiya. Na yarda wannan ya fi kama da sharhi kan siyasar gwamnati, kuma hukuncin ya yi tsauri. Amma don an zalunce ka sau ɗaya ba ya wanke sauran.

Sai batun almara. Abin da aka fi sanin su da shi ya faru ranar 20 ga Nuwamba 1982. Stanford na gaba da 20 da 19, saura daƙiƙa huɗu. 'Yan badujala suka ɗauka an tashi, suka kwararo fili, alhali 'yan Jami'ar Kalifoniya suna ta miƙa wa juna ƙwallo har sau biyar. Kevin Moen ya ratsa ta cikinsu ya ci, ya bangaje wani mai busa ƙaho, Gary Tyrrell. Aka tashi 25 da 20, a wasan ƙarshe na John Elway a jami'a. Kuskure ne tsagwaronsa, amma yau shi ne abin alfahari. Haka almara take aiki, tana wanke abin kunya ta mayar da shi kirari, na baya kuma su taso suna neman nasu.

Inda abin ya kai shi ne 2015, lokacin da binciken jami'ar ya same su da laifin shaye-shaye, da wulaƙanta sababbin shiga, da yanayin cin zarafin mata, aka hana su tafiye-tafiye na shekara guda. A Disambar 2016 aka dakatar da su, a Janairun 2017 aka ɗage da sharuɗɗa. Wanda ya saba raina na waje, wata rana na gida zai raina. Ita ma jami'ar ba ta fita ba, don ta daɗe tana cin moriyar sunansu, sai wuta ta kama take tuna tana da doka.

Mu ba baƙin barkwanci ba ne. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa son ransa a rabu ana dariya, saboda an yarda da wasan, kuma wanda aka zolaya yana da bakin ramawa. Wanda yunwa ta kashe a 1847 da wane baki zai rama?

Don haka in kun ga mai barkwanci, na Kalifoniya ne ko na wayarku, kafin ku danna "share" ku tambayi kanku wa ake yi wa dariyar, kuma yana iya ramawa? In ba ya iyawa, ku kira abin da sunansa, cin zali ne. Mai ja da ni, bismillah, ga fili a ƙasa, amma a zo da hujja.