Kwamfutar Ba Ta Tsufa Ba, Jira Take Yi

Makon jiya wani aminina mai shagon yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ya kira ni rai a ɓace. Ya ce babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita ta tsufa, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareto sai ta shafe kusan minti uku kafin ta fara aiki, alhali yara na tsaye a rana, ranar rufe rajista kuma ta matso. Har ya fara neman bashin sayen sabuwa. Na roƙe shi ya dakata in leƙo.

Mai karatu, kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan aka ba ta sunan wata na'ura, dole ta tambayi mai riƙe da kundin sunaye ya faɗa mata lambar. Wannan tsari shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Kafin nan fayil guda ne ke ɗauke da sunayen duka, kowa ya kwafa ya ajiye.

Kwamfutar aminin nawa Linux take amfani da shi. Na rubuta umarnin systemd-analyze blame, wanda ke jera manhajojin da suka tashi tare da lokacin da kowacce ta ci. Nan take na ga masu cinye lokacin duk masu neman suna ne: ɗaya na neman ma'ajiyar takardu da ke cikin shagon, wata kuma sunan ita kanta kwamfutar take tambaya. A fayil ɗin resolv.conf na tarar da adireshi uku na masu amsa suna, dukansu a wajen shagon. A bisa al'ada Linux kan jira amsa har daƙiƙa biyar, ya koma kan na gaba, sannan ya sake zagayowa karo na biyu. Suna ɗaya ke nan kan ci kusan rabin minti idan babu mai amsawa.

Me ya hana a amsa? Wutar da ke tada kwamfutar ita ce ke tada na'urar rarraba intanet, amma kwamfutar kan riga ta shiryawa. Sai ta yi ta sallama a ƙofar da ba a buɗe ba tukuna.

Gyaran bai ci ko kwabo ba. Na rubuta sunayen na'urorin shagon da lambobinsu a fayil ɗin hosts, wanda ake fara dubawa kafin a tambayi waje. Manhajojin da lallai sai da intanet kuma na tsara su jira sai hanya ta buɗe. Muka kashe, muka kunna, kafin aminina ya gyara zama ta tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan kuɗin da ake zubarwa a ofisoshinmu da makarantunmu a kan irin wannan. Da na'ura ta yi nawa sai a yanke mata hukuncin tsufa, ba tare da an tambayi abin da take jira ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ina kira ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta su koyi karanta bayanan da na'ura ke rubutawa yayin tashi, domin a nan take faɗar damuwarta. Masu shaguna kuma, kafin ku ci bashi, ku nemi a auna muku inda mintunan ke tafiya.