Sharar da ta wuce bakin zaure, ta wa ce?

Duk wanda ya san gidajen Kano ya san ba ƙazamai ne a cikinsu ba. Kafin rana ta ɗaga uwargida ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka ta kife, ta turara ɗaki. Maigida ba ya fita sai da shadda mai guga, hula da kari, takalmi a goge. Amma a bi sharar nan da tsintsiya ta tara a ga inda za ta kwana. Za a zuba wa yaro a tsohon bokiti, ya fita zaure, ya waiga dama da hagu, ya juye ta a kwata ya dawo. Ba wanda zai tambaye shi ina ya kai. Tsaftarmu tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce dokin ƙofa. Abin da ya tsallake shi ya tashi daga namu ya koma "na gwamnati".

Haka abin yake a kan titi. Mutum mai kamala, wanda ba zai yarda ɗigon miya ya taɓa masa riga ba, zai shanye fiya wata a cikin adaidaita sahu, ya matse ledar, ya saki a tsakiyar kwalta ko kallonta bai yi ba. Mai babbar mota ma gilashi kawai yake saukewa, sai ka ga robar lemo ta yi tsalle ta gangara. In ka yi magana, amsar ba ta wuce uku. "To ina zan kai?" Ko kuma, "Ai akwai masu shara, aikinsu ne." Wanda ya fi zafin kai ya ce, "Malam, ni kaɗai zan gyara garin?"

A ganina wannan ɗabi'a ba daga mugunta ta samo asali ba. Gado ce, kuma a lokacin da aka kafa ta ba ta da illa sosai. Sharar kakanninmu toka ce, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunshe goro ko alale, da fasasshiyar ƙwarya. Duk abin da ka yar, ko akuya ta cinye, ko gara ta sha, ko damina ta mayar da shi ƙasa. Juji ma dukiya ne. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna shigowa birni da jakuna ɗauke da itace ko hatsi, su koma da mangala cike da taki, da shi ne gonakin da ke kewaye da birni suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. A wancan zamani wanda ya yar da ɓawon rake a hanya bai cuci kowa ba.

Sai leda ta zo, hannu kuma bai daina abin da ya saba ba. Yau kokon safe a leda, ƙosai a leda, manja a leda, ruwan sha a leda, in ka sayi ashana ma sai an saka maka a 'yar baƙar leda, in ba a saka ba ka ji kamar an raina ka. Leda kuwa ba ta ruɓewa a damina ɗaya ko goma. Manomin da aka kai wa juji gonarsa yanzu sai ya sa yara sun tsince ledoji da batura da fasassun kwalabe kafin ya ga takin. Je ka mahauta ka tsaya inda ake feɗe akuya ko saniyar da ta yi kiwon bola. Za ka ga mahauci ya tsaga tumbi ya zaro wani dunƙule baƙi, ledoji ne da igiyoyin buhu sun murɗe sun cure, ya jefar gefe ya ci gaba da aikinsa, don ba yau ya fara gani ba. Mai dabbar kuwa ya yi ta sayen dusa da magani yana mamakin me ya sa take ramewa.

Babbar ɓarnar tana cikin kwata. Da rani ba a gani, shara ce kawai ke taruwa a hankali, ƙasa ta hau kanta, wata sharar ta sake hawa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ruwa ya zo bai sami hanya ba, sai ya nemi ta kansa: ya hau titi, ya shiga shaguna, ya jiƙa gindin katangar ƙasa. A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka masu ɗimbin yawa. An yi ta magana a kan gine-ginen da aka ɗora bisa hanyoyin ruwa, kuma maganar tana kan hanya. Haka nan kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike da yawansu an yi gini. Amma ko magudanar da ba a gina komai a kanta ba, leƙa ka gani. Leƙa Jakara, wadda ta ratsa tsakiyar birni. Abin da ke kwance a ciki ba daga sama ya faɗo ba, hannu ne ya saka, ɗaya bayan ɗaya. Bayan ruwa ya janye kuma sai a bar mu da kwatar da ba ta gudu, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, kuɗin da aka ƙi kashewa a kwashe shara a kai su kemis.

Ba na cikin masu wanke gwamnati. Mutumin da ya ce "ina zan kai?" wani lokaci da gaskiyarsa. Za ka yi tafiya mai nisa a titin kasuwa ba ka ga kwandon shara ko ɗaya ba. Akwai unguwannin da motar kwasar shara ba ta iya shiga lungunansu, akwai waɗanda za ta iya amma ba ta zuwa sai bola ta cinye rabin titi. Hukumar REMASAB aka ɗora wa wannan aiki a Kano, kuma haƙƙin mai biyan haraji ne ya tambayi inda motoci suke da inda kuɗi suka shiga. Sai dai aikin hukuma shi ne ta kwashe abin da aka tara a inda aka ce a tara. Babu hukumar da za ta iya bin miliyoyin mutane a baya tana tsince abin da suke saki. Ledar fiya wata da babu ruwa a ciki ba ta kai nauyin goro ɗaya ba. Aljihun da ya ɗauki waya da makulli da kuɗi ba zai gaza da ita ba har a isa gida.

An gwada mana tsoro, ba sau ɗaya ba. Dattawa suna ba da labarin duba-gari, wanda in aka ce ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa da share bayan gida, don in ya ga tsutsa a ruwa sai tara. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka shigo da babin tsaftar muhalli, aka yi ta shara da soja a tsaye. Ragowar wannan ne Asabar ɗin ƙarshen wata da har yanzu ake hana zirga-zirga da safe a Kano. To, mu faɗa wa juna gaskiya, me ake yi a waɗannan sa'o'i? Yara su kafa duwatsu a kwalta su buga ƙwallo, manya su rama barci, 'yan kasuwa su zauna suna duba agogo. Ƙarfe goma na yi gari ya ɓarke, kafin azahar titin ya koma yadda yake. Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata take fita aikin gayya, wanda suke kira umuganda, kuma ta hana ledoji tun 2008, Kenya ma ta hana su a 2017. Masu zuwa Kigali, babban birnin Ruwanda, suna dawowa da labarin tsaftar titunanta. Ranar aikin gayyarsu ɗaya ce da tamu. Su dai sun haɗa ta da dokar da ake bi a sauran kwanakin wata, mu kuwa mun mayar da ita hutu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba mu rasa koyarwa ba. Yaron da ya je Islamiyya ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, ya san an hana yin bahaya a hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Kullum muna cewa tsafta cikon addini ce. Amma a je filin Idi bayan an sallame, ko harabar masallacin Juma'a da la'asar, ko wurin da aka ɗaura aure aka raba shinkafa a robobi. Mutane sun zo da alwala da turare, sun tafi sun bar wurin sai ka ce an tashi kasuwa. Wanda ya iya kashe kuɗin rumfa da kujeru da abincin mutum ɗari biyar ba zai rasa na buhu goma da yara biyu masu tattarawa ba. Ba ya cikin lissafinsa ne tun farko, don ba a taɓa jin an zagi wani a kan ya bar titi da datti bayan bikin 'yarsa ba. Da za a fara cewa "bikin gidan wane ne ya bar mana wannan", da an ga canji kafin wata doka ta fito, domin mu mutane ne masu gudun abin faɗa.

Akwai kuma wata dabara da muke yi wa kanmu. Mu ba almajiri ko mai baro 'yan canji mu ce ya kai shara bola, alhali mun san kuɗin ba su kai ladan tafiyar ba, mun kuma san bolar da nisa. Yaron zai sha kwana ya zube ta a bayan katangar makaranta, ko a kangon wani, ko a kwatar layin baya. Gobe mu wuce ta wurin mu toshe hanci muna cewa mutanen unguwar nan ba su da tarbiyya. Sharar gidanka taka ce har sai ta isa inda mota ke ɗauka. In ka wakilta wani, biya shi abin da zai kai shi can, ka kuma tambaye shi ina ya zuba. Mai shago ma haka: kwali ɗaya a bakin shago, ya ce wa wanda ya sha lemo "saka a nan, Alhaji", ba zai kore masa ciniki ba. 'Yan jari-bola sun riga sun nuna cewa ƙarfe da gwangwani da robar lemo kuɗi ne, ga su nan suna yawo da buhu. Ware musu nasu tun daga gida ya fi a bar su suna tona juji da hannu.

Matasan unguwa da ke fitowa yasar kwata kafin damina sun cancanci a yaba musu, aiki ne mai wari da yankan kwalba, kuma ba a biyansu. Sai dai sau da yawa aikin rabi ake yi. A fito da baƙar laka da ledoji a jibge a bakin kwatar, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a watse. Tulin ya kwana bakwai yana bushewa, awaki su baje, babura su taka, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Kafin a sa shebur a kwata ya kamata a san wa zai kwashe abin da aka fitar. Wannan ba aikin matasan ba ne, na masu gidajen layin ne. Mai unguwa ya zaga gida-gida tun ana saura mako, a haɗa kuɗin kura ko tifa, a tsayar da mai ita a ranar, yadda lakar za ta bar unguwar kafin magariba.