Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Wa Ya Auna Ta?

A shagunan magani na Kano da Kaduna da Abuja, da kuma jakunkunan 'yan talla da ke bin ofis-ofis, akwai kwalabe da kwalaye masu rubutun Sinanci ko hoton ganyen Indiya: shayin wanke ciki, ƙwayar ginseng, garin ashwagandha. Ba kasafai suke kiran wata cuta da sunanta ba. Alkawarinsu shi ne daidaita jiki, tace jini da maido da kuzari. Daga cikin masu sayensu akwai ma'aikata masu ilimi da albashi, waɗanda hawan jini ko ciwon suga ya fara taɓawa, layin asibiti kuma ya gundure su.

Kalmar daidaito tana da asali mai zurfi. Likitancin gargajiya na Sin yana ɗaukar lafiya a matsayin jituwa tsakanin ƙarfi biyu masu kishiyantar juna, yin da yang. Ayurveda ta Indiya kuwa tana magana a kan ɗabi'u uku, vata da pitta da kapha, waɗanda in ɗaya ta rinjayi sauran sai jiki ya motsa. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda tun kaka da kakanni yake raba cuta da abinci zuwa na zafi da na sanyi. Shi ya sa tallan ke saurin shiga zuciya. Sai dai daidaito ba shi da ma'auni. Ana auna hawan jini da na'ura, ana auna suga da ɗigon jini, amma babu mai iya nuna cewa yin da yang sun daidaita bayan kwalba uku. Alkawarin da ba a iya auna shi, ba a iya kama mai shi da ƙarya, kuma nan ribar ɗan kasuwa take.

Duk da haka, wanda ya raina wannan gado ya jahilci tarihi. A shekarar 1967, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da sojoji a yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman sabon magani. A 1969 aka ɗora wa wata masaniyar harhaɗa magunguna, Tu Youyou, jagorancin wata tawaga. Sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, har suka tsaya a kan wani ganye mai suna qinghao, ɗan'uwan tazargade. Gwajin farko bai ba da sakamako tsayayye ba, sai da ta koma ga rubutun Ge Hong, wani malami na ƙarni na huɗu, wanda ya yi bayanin jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba tare da dafawa ba. Daga nan ta gane cewa zafin wuta na iya lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsarsa. A 1971 aka dace, kuma ita da abokan aikinta suka fara gwada shi a jikinsu kafin a ba majinyata. Sinadarin shi ne artemisinin, ginshiƙin magungunan maleriya da ake rubutawa yau a asibitocin Nijeriya da Nijar. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Tsohon littafi ya nuna hanya, amma abin da ya mai da ganyen magani shi ne tantance sinadarin, sanin adadin da ke kashe ƙwayar cutar, da gwaji a kan mutane. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi don maleriya. Yawan sinadarin yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma abin da bai isa ya kashe ƙwayar ba yana iya koya mata jure maganin.

Gadon da ya haifi artemisinin shi ne kuma ya haifi wani labari mai ɗaci. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke babban birnin Beljiyam, an riƙa ba mata wani haɗi mai ɗauke da saiwar Sin. Tsirrai biyu ne ke da suna mai kama da juna a Sinanci, fang ji, sai aka kawo ɗaya a madadin ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Wanda aka kawo ɗin daga zuriyar Aristolochia yake, yana ɗauke da guba mai cin ƙoda. Mata sama da 100 suka kamu, da yawansu suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya aka same su da ciwon daji a hanyar fitsari. Wannan zuriya tana da dangi a ƙasar Hausa, irin su duman dutse da masu magani suka sani.

A ɓangaren Indiya kuwa, wani reshe na Ayurveda yana haɗa ƙarafa a magani da gangan, bisa imanin cewa sarrafawa tana cire musu illa. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gwada kayan Ayurveda 70 da ake sayarwa a yankin Boston na Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan ƙarfe ke yi wa jiki.

Masu kare waɗannan kayayyaki suna da hujjar da ta cancanci saurare. Maganin asibiti ma yana da illa, kuma mai maganin gargajiya yakan zauna ya tambayi mutum barcinsa da cimarsa da damuwarsa, abin da likitan da ke duba ɗimbin majinyata a yini ba ya samun sararin yi. Gaskiya ne. Amma illar maganin asibiti a rubuce take a takardar da ke cikin kwalinsa, an san adadinsa, kuma in ya yi ɓarna akwai hanyar janye shi daga kasuwa. Kwalbar da ta ratso teku kuwa ta baro malamin da ya san ganyen a can, ta iso hannun ɗan talla wanda abin da ya sani kawai shi ne kamashonsa.

Ko lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kaya tana da iyaka. Rajistar wucin gadi da hukumar ke yi wa magungunan ganye ta dogara ne a kan gwajin rashin cutarwa, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mai saye yana da haƙƙin sanin cikakken sunan tsiron da adadinsa a kowace ƙwaya, kuma wajibi ne likitansa ya san yana sha, domin ganye irin ginkgo yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Haɗari mafi girma shi ne na mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa don shayi ya sa ya ji daɗin jikinsa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya taɓa ƙoda ko ya shanye ɓarin jiki.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne. Amma Tu Youyou, wadda ta girmama magabatanta har ta nemi mafita a littafinsu, ba ta miƙa wa majinyaci ganyensu ba sai da ta auna shi, ta kuma sha da kanta. Wanda zai zuba albashinsa da ƙodarsa a kan kwalba, ya dace ya tambayi mai sayarwa ko an yi wa tasa kwalbar irin wannan awo.