Ciwon da ke yin likimo

A ɗauka wata matar aure ce a Kongolam, garin kan iyaka a Jihar Katsina, shekarunta ba su wuce ashirin da biyar ba. Ta wayi gari idonta na dama yana ganin hazo, in ta juya shi sai ya yi mata zafi. Uwar mijinta ta ce shafar iska ce, aka kira malam ya yi tofi, aka turara mata habbatussauda. Bayan mako uku ido ya washe, gida ya yi hamdala. Shekara ta zagayo, sai ƙafar hagu ta fara nauyi, takalmi na zame mata ba ta sani ba. Wannan karon aka ce jifa ne, aka fara yi wa kishiya kallon tuhuma. Ƙafar ma ta saki da kanta bayan wata biyu.

Duk likitan jijiya da ya ji wannan labari zai gyara zama, domin haka wani ciwo yake sallama, wanda har yau Hausa ba ta raɗa masa suna ba. Likitoci na kiransa maltiful siklerosis, a taƙaice MS. Sunan ya yi kama da sikila a kunne, amma babu abin da ya haɗa su: sikila a jini take kuma gadonta ake yi, shi kuwa wannan a ƙwaƙwalwa da laka yake ɓarna. Jijiyoyi da yawa suna da riga mai maiƙo, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa wannan riga, ta bar tabo nan da can, sai saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata. Inda tabon ya faɗa, can alamar take fitowa: ido, ƙafa, mafitsara, harshe, ko wata irin gajiya da barci ba ya maganinta. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara fayyace shi a birnin Faris a 1868, kuma ƙididdigar da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon ta duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi. Mata sun ninka maza, kuma yawanci a tsakanin shekara ashirin zuwa arba'in yake bayyana.

Gaskiya ne ya fi yawa a ƙasashen sanyi, nesa da tsakiyar duniya. An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa ciwon Turawa ne, kuma wannan koyarwa ta yi wa marasa lafiyar Afirka illa, domin abin da likita bai sa rai da shi ba ba zai neme shi ba. Ƙarancinsa a nan gaskiya ne, amma wani ɓangare na ƙarancin rashin kayan gano shi ne. Ana tabbatar da MS da hoton ƙwaƙwalwa da laka na na'urar MRI, wani lokaci da ɗibar ruwan ƙashin baya, bisa ƙa'idojin McDonald da aka fara shimfiɗawa a 2001. Mutumin Kongolam da ke bukatar wannan sai ya bi ta Mai'adua ya wuce Daura, daga nan ya nufi Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. Ga kuma tsoron allurar baya, wadda mutanen wannan yanki suka sani tun zamanin annobar sanƙarau, har wasu suka ɗauka ita ke gurgunta mutum. Ciwon ne ke gurguntarwa, allurar ruwa kaɗan take ɗiba.

Dole ne kuma likita ya tankaɗe ya rairaye kafin ya furta sunan. Tarin fuka na ƙashin baya, cutar ƙanjamau, ƙarancin bitamin B12, tsargiya da ta hau laka, duk suna iya kama da shi. Akwai ma wani ɗan uwansa da ake kira NMO, mai kama ido da laka, wanda ya fi samun baƙar fata, wanda sai a 2004 masana a asibitin Mayo na Amurka suka gano gwajin jinin da ke bambanta shi. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne, domin wasu magungunan MS, irin su intaferon, ƙara tsananta NMO suke yi.

Amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne halin ciwon. Kusan kashi 85 cikin ɗari na masu shi da irin mai zuwa da tafiya suke farawa: ya buga, ya lafa, ya yi likimo wata da watanni, sannan ya dawo ta wata ƙofar. Duk abin da aka yi wa mara lafiya a makon ƙarshe kafin lafawar, shi ke samun yabo, ko rubutu ne, ko sassaƙe, ko ƙwayar da aka saya a kemis ɗin bakin tasha. Addu'a takobin mumini ce, babu mai ja da wannan, kuma babu likitan kirki da zai hana ta. Matsalar ita ce a ɗauki lafawa a matsayin warkewa, alhali hoton MRI kan nuna sababbin tabo suna taruwa a lokacin da mutum yake jin garau.

Magani iri biyu ne, kuma rikita su shi ne mafarin kuskure. Na farko na kashe gobara ne, allurar siteroid mai ƙarfi ta kwana uku zuwa biyar idan ciwon ya buga. Yana gaggauta sauƙi, shi ya sa mutane ke son sa, har wasu su ci gaba da sayen ƙwayarsa da kansu, su kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Na biyu shi ne na hana gobarar tashi, wanda aka fara samu a 1993. Wannan ba ya ba da wani daɗi da za a ji a jiki. Aikinsa shi ne bugun da bai zo ba, kuma da wuya a shawo kan magidanci ya sayar da rago a kasuwar Mai'adua saboda abin da bai faru ba. Ko a ƙasashe masu arziki, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya nuna kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke bin magani yadda aka tsara.

A watan Yulin 2023 hukumar ta sa magungunan MS guda uku cikin jerin magunguna na dole, karo na farko a tarihi: kiladiribin, gilatirama da rituksimab. A cikinsu na ƙarshen ya fi dacewa da garin kan iyaka, domin ƙarin ruwa ne da ake yi kamar sau biyu a shekara, kuma asibitocin koyarwa sun san shi ta wajen jinyar ciwon daji. Gilatirama allura ce ta kullum ko sau uku a mako, mai son firij, kuma kowa ya san halin wuta. Sai dai rituksimab yana da sharaɗi: a fara gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Najeriya, domin maganin na iya tayar da shi daga barci. Ya rage ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da ta Jihar Katsina su ɗauki nauyinsa, in ba haka ba jerin zai zauna a takarda.

Akwai abubuwan da likitan da ya yi karatu daga littafin Ingila ba zai tuna ya tambaya ba. Tun 1890 likita Wilhelm Uhthoff ya lura cewa motsa jiki na dawo da tsofaffin alamu na ɗan lokaci, daga baya aka gane zafin jiki ne sanadi. A ƙasar Daura, inda bazara ke haura digiri 40, wannan na nufin mara lafiya zai ga idonsa ya dushe da azahar, ya yanke cewa magani ya ƙi aiki, ya watsar. Da an gaya masa tun farko cewa inuwa da ruwan randa za su mayar da shi daidai, da bai firgita ba. Haka batun haihuwa: ciwon kan yi sauƙi lokacin goyon ciki, ya fi bugawa a watanni ukun farko bayan sauka, daidai lokacin wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma. Wannan magana ce da ya kamata a yi da uwar mai jego da ungozoma a zaune, cikin ladabi, domin su ke riƙe da tukunyar. Azumi ma haka, a tsara lokutan magani tun cikin Sha'aban.

Sai iyaka. Mutanen Ɗan Barto da Matamaye na Nijar da ke tsallakowa neman asibiti sun ga yadda ƙofa ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Mai hawan jini zai samu ƙwayarsa a kowane ɓangare. Mai jiran ƙarin ruwa a Kano ba shi da wannan gata.

Abin da ƙaramin asibitin Kongolam zai iya bai fi ƙarfinsa ba. Ma'aikacin lafiya ya koyi tambaya ɗaya ga duk matashiyar da ta zo da dushewar ido ko sanyin ƙafa: “Hakan ta taɓa faruwa da ke a baya, ta tafi da kanta?” In amsar e ce, ya rubuta takardar turawa, ya kira miji ya ce, “Malam, ka kai ta yanzu da take tafiya da ƙafarta.” In an dawo da suna da magani, a buɗe mata kati mai ɗauke da ranar ƙarin ruwa na gaba, a karɓi lambar wayar mutum biyu a gidan, a kira su mako biyu kafin ranar, lokacin da za su iya haɗa kuɗin mota.