Eriya Ma Homa Ce

Ran nan kakana yana sauraron labarai a tashar FM, sai rediyo ta cika da ƙara. Ya ce, "Kai yaro, ɗaura mata doguwar waya ka jefa kan darbejiya." Na yi, amma murya ba ta gyaru ba. Da na ba malaminmu na kimiyya labari, sai ya ce, "Kai da kake ɗan Argungu, ba ka san kowane kifi da irin ragarsa ba?"

Ashe eriya ma homa ce, da awo ake yin ta. Saƙon rediyo tafe yake kamar igiyar ruwa, kowace igiya da tsawonta. Ta FM kamar mita 3 ce, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu, wato santimita 75, ya ishi eriyarta. Igiyar da wayar hannu ta zo mana da ita a 2001 kamar santimita 33 ce, shi ya sa eriyarta ke ɓuya cikin wayar. Eriyar talabijin mai kama da ƙayar kifi kuwa, malamai biyu ne na Japan, Yagi da Uda, suka fito da ita a 1926. Yau masana suna gwada wasu alluna masu ɗimbin ƙananan ƙarafa, waɗanda ke karkata saƙo kamar yadda madubi ke karkata hasken rana, don ya shiga lungun da gini ya tare.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da ke damuna shi ne yadda muke gudun lissafi da kimiyya. Kowa na riƙe da waya, amma in saƙo ya ɗauke a ƙauyukan fadama, iyakarmu hawa tudu muna ɗaga hannu sama. Wa zai gyara mana, in mu ba mu koya ba?

Ni a ganina, ya kamata mu roƙi malamanmu mu ƙera eriya da hannunmu a aji. Iyayenmu kuma, don Allah kada ku raina yaro mai kwance tsohuwar rediyo, ku taimake shi ya kai Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi. Kakanninmu sun iya saƙa homa daidai da kifin Matan Fada. Mu ma mu koyi saƙa tamu. Allah Ya ba mu sa'a, amin.