Hutun da Ba Ya Hutar da Jiki

A filayen ƙwallo na Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar a sauran garuruwan Arewa, atisaye kan fara ne bayan La'asar, ko da hunturu ko da bazara. Mai horarwa ya busa usur, matasa su sheƙa a guje, su ɗan huta, su sake. Wanda ya sare a tsakiya sai a ce rago ne. Sau da yawa kuwa laifin na jadawalin ne, domin bai san bambancin Janairu da Mayu ba.

Amfanin irin wannan atisaye yana cikin gajeren hutun da ke tsakanin gudu da gudu, lokacin da bugun zuciya ke sauka domin zagaye na gaba ya zo da ƙarfi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, kuma jiki na fitar da shi ne idan gumi ya bushe a kan fata. Duk mai randa ya san wannan: ruwanta na sanyi ne saboda iska na busar da abin da ke tsatsowa ta jikinta. A watan Afrilu, ko zafi ya haura digiri 40, iska busasshiya ce, gumi na aikinsa. Daga Mayu zuwa Yuni kuwa danshi kan iso alhali zafi bai tafi ba. Gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, jini ya rabu tsakanin fata da tsoka, hutu ya ƙare zuciya ba ta sauka ba. Ɗan wasa ya sha wahala ninki biyu, gudunsa kuma ya ragu, ga hatsarin suma.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, an fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare domin kauce wa rana, amma danshi ya sa 28 daga cikin 68 suka kasa kammalawa. Tun gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, FIFA ke ba da hutun shan ruwa idan zafi ya tsananta.

Masu cewa wahala ce ke gina ɗan wasa suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin jiki kan saba da zafi cikin kwana 10 zuwa 14. Sai dai sabon na samuwa ne a hankali, da sassauƙan gudu. Saboda haka ya kamata a mayar da atisaye mai tsanani zuwa bayan Asuba a watannin bazara da farkon damina, a tsawaita hutu, a rage zagaye, a ajiye ruwa a bakin fili. Manomin Zamfara ya daɗe da sanin haka: da sassafe yake shiga gona, kafin rana ta take ya nemi inuwa, kuma ba wanda ya taɓa kiransa rago.