Jirage Da Yawa, Mai Tsaro Ɗaya

Ya mai karatu, dubi mai jakai da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega. Jakan sun san hanya, ba sai an ja su ba, don haka mutum guda ya kan kora biyar ko shida. Amma ran da kayan ɗaya suka karkace, wani kuma ya faɗa gonar mutane, ga mota ta taso daga Maiyama, ran nan a ke sanin jaki nawa ya isa kora.

To, haka sha'anin jirage marasa matuƙi ya ke. A 2022 kamfanin Zipline ya soma aika jini da magunguna zuwa asibitoci daga Pambeguwa ta Jihar Kaduna, bayan ya fara a Ruwanda a 2016. Jirgin shi ke kai kansa, ya saki kaya da 'yar laima, ya komo. Ɗan Adam sai tsaro a gaban allo. Masu ƙera irin waɗannan jirage kuwa burinsu mutum ɗaya ya tsare da yawa, domin a rage kuɗin ma'aikata.

Nan fa gizo ke saƙa. A 1948 wani masani a Ingila, Norman Mackworth, ya bayyana gwajin da ya yi saboda masu tsaron na'urar hango jirage. Ya zaunar da mutane sa'a biyu suna kallon hannun agogo, su faɗa in ya yi tsalle biyu a madadin ɗaya. Bayan rabin sa'a kacal sai tsinkayarsu ta ragu. Watau gwargwadon yadda na'ura ke tafiya daidai, gwargwadon yadda gafala ke shigar mai tsaronta. A 2018 motar Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a Arizona ta Amurka, alhali akwai mai tsaro a ciki, hankali na kan waya.

Bayan gafala akwai kuskuren fahimta. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Nijeriya ya jefa bom kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, soja kuma suka amsa kuskure ne. Jirgi bai san mai biki da ɗan bindiga ba. Mutum ne ke duba, ya yanke hukunci. In ido ya ruɗu a kan wuri guda, ina ga an raba shi wuri goma?

Saboda haka, duk ran da aka kawo irin jiragen nan don feshin albasa ko korar jan-baki daga shinkafar fadama, wajibi ne hakimai da manoma su tambayi abu uku. Jirgi nawa ke hannun mutum guda? Sa'a nawa ya ke yi kafin a karɓe shi? Wa zai ɗauki alhaki in magani ya sauka kan rijiya ko garke? Lalle a auna adadin da ranar da abubuwa suka rikice gaba ɗaya, kada a auna shi da ranar lafiya.